Marar laifi a gaban doka: zaɓi tsakanin To Kill a Mockingbird, Huckleberry Finn da Billy Budd

Duk wanda ya ɗauki jigon nagarta da mugunta da adalci a tsohon adabin Amurka, ko malami ne mai tsara zangon karatu, ko ƙungiyar makaranta littattafai, ko ɗalibi mai neman batun kundin kammala digiri, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da littattafai uku: To Kill a Mockingbird na Harper Lee, Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain, da Billy Budd na Herman Melville. Kowannensu ya kamo mutumin da bai cancanci hukunci ba ya tsayar da shi gaban doka. Daga nan hanya ta rabu. Tambayarsu ba ɗaya ba ce, Turancinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya zaɓa don ya ji sunan littafi ya yi fice, ko don ya ga ba shi da kauri, sau da yawa a tsakiya yake ajiye shi. A sani tun yanzu, za a faɗi yadda kowane labari ya ƙare, don ba a iya auna su ba tare da haka ba.

Babban abin da ya raba su shi ne inda kowane marubuci ya kafa kotunsa. A littafin Lee kotu ce ta zahiri, da alƙali da lauyoyi da shaidu. Dokar a rubuce ta ba wanda ake tuhuma haƙƙinsa, waɗanda aka damƙa wa zartar da ita ne suka ci amana. A na Twain ba a kai bawan da ya gudu gaban alƙali ba, domin dokar ce da kanta azzaluma, ita ta ce mutum dukiyar wani ne, shari'ar kuwa a cikin zuciyar wani yaro ake yin ta. A na Melville alƙalan ba mugaye ba ne, babu mai ƙin wanda ake tuhuma a cikinsu, sun ma yarda bai yi nufin kisa ba, amma duk da haka suka rataye shi. Wanda ya riƙe wannan bambancin ya yi rabin zaɓinsa.

To Kill a Mockingbird

Ya fito a watan Yulin 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961. Babi 31 ne a kashi biyu, kalmominsa wajen 100,000. Labarin yana gudana ne a Maycomb, wani ƙirƙirarren gari a jihar Alabama, tsakanin 1933 da 1935, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Mai ba da labarin ita ce Scout Finch, wadda take ƙaramar yarinya 'yar kimanin shekara shida a farkon littafin. Mahaifinta Atticus lauya ne, alƙali Taylor ya ɗora masa aikin kare Tom Robinson, baƙar fata da ake zargi da yi wa Mayella Ewell, farar fata 'yar shekara 19, fyaɗe.

Ƙarfin littafin a aji yana cikin babi na 17 zuwa na 21, inda aka jera hujjoji yadda ɗalibi zai iya bin su da fensir. Ba a kira likita ya duba yarinyar ba. Raunin da ke fuskarta a ɓangaren dama yake, abin da ke nuna bahago ne ya doke ta. Atticus ya miƙa wa mahaifinta Bob Ewell alƙalami da ambulan ya ce ya rubuta sunansa, sai ga shi ya rubuta da hagu. Shi kuwa Tom, hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro da injin gurzar auduga ya kama shi, ya gaza na dama da inci 12, har ma da aka zo rantsar da shi hannun ya dinga zamewa daga kan Baibul. Abin da ya kayar da shi magana ɗaya ce: lauyan gwamnati ya tambaye shi dalilin da ya sa yake yi wa Mayella aikace-aikace kyauta, ya ce tausayinta yake ji. Baƙar fata ya ji tausayin farar fata, a Alabama ta wancan zamani, wannan kaɗai laifi ne. Juri, wato mutum 12 da ake ɗebowa daga cikin jama'a su saurari shaidu su faɗi ko mutum ya aikata, dukkansu fararen maza ne, suka same shi da laifi. A babi na 24 labari ya iso cewa masu gadin kurkuku sun harbe shi da harsashi 17 yana ƙoƙarin tsallake shinge.

Yawancin ɗalibai a nan suke tsayawa, su rubuta cewa Atticus nagari ne, Ewell mugu ne, wariyar launin fata ba ta da kyau. Amsa ce da ba ta da kuskure, ba ta kuma da nauyi. Akwai shari'a ta biyu a babi na 28 zuwa na 30 wadda ta fi ta farko wuyar warwarewa. Ewell ya tare Scout da yayanta Jem da dare da wuƙa, ya karya wa Jem hannu, maƙwabcinsu Boo Radley da ba ya fita daga gida ya kashe shi. Shugaban 'yan sandan yankin, Heck Tate, ya ce shi dai abin da zai rubuta shi ne Ewell ya faɗi a kan wuƙarsa. Atticus, mutumin da ya tsaya gaban juri ya ce kotu ce wurin da kowa yake daidai da kowa, ya yi gardama kaɗan sannan ya amince a rufe maganar. Malamin da ke son muhawara ta gaske a aji, nan zai kai ɗalibansa: me ya sa aka kare Boo daga kotu, alhali kotun ce aka ce Tom ya dogara da ita?

Raunin littafin a fili yake. Tom, wanda kansa ne a kan faifai, kusan ba mu jin muryarsa sai a akwatin shaida, ba mu shiga zuciyarsa ba ko sau ɗaya. An kuma tara muguntar a jikin Ewell, mashayi da ke zaune a bayan bolar gari, abin da ke ba mai karatu damar ɗora laifi kan jahilin talaka ya wanke masu mutunci. Maganin wannan shi ne a tsaya sosai a babi na 24 da na 26. A na 26 malamar su Scout tana la'antar Hitler kan abin da yake yi wa Yahudawa, ita kuwa Scout ta ji ta da kunnenta a matakalar kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙen garin hankali.

Inda karatun yakan lalace wuri uku ne. Babi na 1 ya fi sauran tsauri, cike yake da tarihin dangin Finch, kuma shari'ar ba ta fara ba sai an wuce rabin littafin, don haka masu gaggawa sukan tsallake kashi na farko. Wanda ya tsallake ya rasa mahaukacin karen babi na 10 da tsohuwa Dubose ta babi na 11, waɗanda su ne ma'aunin jarunta a littafin. Na biyu, fim ɗin 1962 da Gregory Peck ya fito a ciki ba ya maye gurbin littafin: babu gwaggo Alexandra a ciki, babu zuwan yaran cocin baƙaƙe tare da Calpurnia, mai aikin gidansu, a babi na 12. Na uku, Go Set a Watchman da aka buga a 2015 ba ci gaban labarin ba ne a haƙiƙa, tsohon daftari ne da Lee ta rubuta kafin wannan, kuma Atticus na ciki yana halartar taron masu goyon bayan wariya. Kada a gauraya bayanan biyun a amsar jarrabawa. Don shimfiɗa, ya isa a gabatar da shari'ar Scottsboro ta 1931, inda aka zargi samari baƙaƙe tara da yi wa fararen mata biyu fyaɗe a jirgin ƙasa a Alabama, har Kotun Ƙolin Amurka ta sa baki a 1932 kan rashin ba su lauya yadda ya kamata, da 1935 kan ware baƙaƙe daga juri.

Huckleberry Finn

An buga shi a Ingila a Disambar 1884, a Amurka a Fabrairun 1885. Babi 43 ne, ya ɗan ɗara na Lee tsawo. Twain, wanda sunansa na yanka Samuel Clemens, ya girma a Hannibal a jihar Missouri, a bakin kogin Misisipi, ya kuma mayar da labarin shekara 40 zuwa 50 baya, zamanin da bauta take halal a dokar jihar. Huck ɗan shekara 13 ko 14 ne, ɗan mashayin gari, ya gudu daga dukan mahaifinsa. Jim bawa ne, ya gudu don ya ji uwargijiyarsa Miss Watson tana shawarar sayar da shi dala 800 a kai shi New Orleans. Suka haɗu a wani tsibiri, suka hau wani dandamalin katako suka bi ruwa, da nufin su sauka a Cairo ta jihar Illinois, inda kogin Ohio ya haɗe da Misisipi, su haura zuwa jihohin da babu bauta. Hazo ya rufe su suka wuce mahaɗar, daga nan duk tafiyar da suka yi ƙara nutsawa suke yi cikin ƙasar bayi.

Babi uku ne ƙashin bayan jigon. A na 15, bayan hazon ya raba su sun sake haɗuwa, Huck ya yi wa Jim wasan banza, ya ce mafarki ya yi. Jim ya nuna masa ganyaye da karyayyiyar sandar tuƙi a kan katakon ya gaya masa abin da ake kiran mai kunyata abokinsa, Huck ya ɗauki minti 15 yana kokawa da kansa kafin ya je ya ba shi haƙuri. A na 16 Jim yana murna, yana lissafin yadda zai tara kuɗi ya fanshi matarsa da 'ya'yansa biyu, in an hana shi ya sa a sato su. Wannan magana ta tayar wa Huck hankali, ya shiga kwale-kwale da niyyar tona shi. Da ya gamu da mutum biyu da bindigogi suna farautar bayi, bakinsa ya ƙi, ya bar su suka ɗauka mahaifinsa ne kwance da cutar agana, suka ja da baya, kowannensu ya ɗora tsabar zinariya ta dala 20 a kan allo ya turo masa. A na 31, bayan ɗaya daga cikin 'yan damfara biyu da suka maƙale musu ya sayar da Jim dala 40, Huck ya rubuta wa Miss Watson wasiƙar inda bawanta yake, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi kamar wanda ya tuba, sannan ya tuna zaman da suka yi, ya yayyaga takardar, ya yarda gara ya shiga wuta.

Ga kuskuren da ya fi yawa a rubutun ɗalibai: sai su ce a nan Huck ya gane bauta zalunci ce. Bai gane ba, har littafin ya ƙare. Ya yi imani sata yake yi, ya yi imani zunubi ne, ya zaɓi zunubin. Lamirinsa, wanda gari da coci da makaranta suka gina masa, shi ne gurɓatacce, zuciyarsa ce lafiyayya, kuma Twain da kansa ya taɓa bayyana littafin da kusan wannan ma'anar. Dukkan littafin gatse ne, mai ba da labarin yana faɗin abu, marubucin yana nufin kishiyarsa. Wanda bai kama wannan ba zai fito da fahimtar da ta juya wa littafin baya. Muguntar ma a nan ba a jikin ɓatagari kawai take ba. A babi na 32 Huck ya ƙirƙiro ƙaryar cewa wani abu ya fashe a injin jirgin da ya shigo, matar gidan Phelps, mace mai kirki da son baƙi, ta tambaya ko wani ya ji rauni. Ya ce a'a, baƙar fata ɗaya ne dai ya mutu. Ta ce an yi sa'a, don wani lokaci mutane kan ji ciwo. A ganina wannan gajeriyar hira ta fi duk abin da Bob Ewell ya yi tayar da tsikar jiki.

Matsalolinsa manya ne, kada a raina su. Ta farko harshe. Twain ya rubuta maganar mutane yadda take fita daga baki, ya ma sa gajeren bayani a farko cewa karin harshe da dama ya yi amfani da su. Ka ƙaddara baƙon da ya koyi Hausa a littafin makaranta aka miƙa masa hirar tsofaffin ƙauyen Sakkwato an rubuta ta yadda suke furtawa. Haka maganar Jim take ga wanda ya koyi Turanci a aji, kuma ƙamus ba ya taimako domin kalmomin ba haka ake rubuta su ba. Dabarar ita ce karatu da murya: a karanta babi na 8 a bayyane, a hankali, a fitar da jerin sauye-sauyen da ke maimaituwa, kamar harafin d a madadin th a farkon kalma. Bayan babi biyu ko uku kunne yakan saba. Sauraren karatun da aka naɗa, littafi na buɗe a gaba, yana rage wahalar ƙwarai.

Ta biyu, kalmar cin mutuncin baƙar fata da ta fito sama da sau 200. Wani bugu na 2011 ya musanya ta da kalmar da ke nufin bawa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, ya kuma ɓata ma'ana a wurare, tunda ba kowane baƙar fata a labarin ne bawa ba. Gara a riƙe asalin rubutun, a yi maganar kalmar a zaman farko, a kuma amince ba za a furta ta a aji ba. Abin dariya, ɗakin karatun garin Concord da ya haramta littafin a 1885 ba wannan ne ya dame shi ba, rashin tarbiyyar yaron da ƙazamin Turancinsa ne.

Ta uku, ƙarshen. Daga babi na 33 Tom Sawyer, abokin Huck, ya shigo, ya mayar da kuɓutar da Jim wasan yara: haƙa rami da wuƙaƙen cin abinci, tsanin igiya a cikin burodi, macizai da ɓeraye a ɗakin da aka kulle shi, alhali Tom ya san Miss Watson ta rasu wata biyu da suka wuce ta kuma 'yanta Jim a wasiyyarta. Marubuci Ernest Hemingway, wanda ya ce daga wannan littafin adabin Amurka na zamani ya samo asali, ya ba da shawarar a tsaya a inda aka sace Jim. Manazarta T. S. Eliot da Lionel Trilling sun kare ƙarshen, Leo Marx ya yi musu raddi a 1953. Akwai masu karanta shi a matsayin zambo ga abin da ya biyo bayan 1877, lokacin da baƙaƙen Kudu suke da 'yanci a takarda amma ana ci gaba da wasa da rayuwarsu. Ga mai kundin digiri wannan saɓani arziki ne. Ga ƙungiyar da ke karatu don nishaɗi, babi goma ne na gajiya.

Billy Budd

Wannan ne yake yaudarar mutane da ƙanƙanta. Kalmominsa wajen 30,000 ne, ƙasa da sulusin sauran, amma shi ya fi su tsauri. Melville ya rasu a 1891 bai kammala shi ba, sai a 1924 aka buga shi. Marubucin Ba'amurke ne, amma jirgin na sojan ruwan Ingila ne, a shekarar 1797, ana yaƙi da Faransa, watanni kaɗan bayan boren da matuƙa suka yi a Spithead da Nore, matsayar jiragen yaƙin Ingila. Wanda bai san wannan boren ba ba zai fahimci tsoron da ke cikin jirgin ba, don haka minti goma na bayaninsa wajibi ne kafin a buɗe littafin.

Billy ɗan shekara 21 ne, tsintacce, kyakkyawa, kowa na son sa, an ɗauke shi da ƙarfin doka daga jirgin 'yan kasuwa aka sa shi aikin soja. Aibinsa ɗaya, in ransa ya ɓaci in'ina takan sarƙe shi. John Claggart, jami'in da ke kula da ɗa'a a jirgin, ya tsane shi ba tare da wani dalili da za a nuna ba. Melville ya ɓata shafuka da dama yana neman asalin wannan ƙiyayya, ya ƙare a kan cewa ɓacin hali ne na halitta, gauraye da hassadar tsarkin da shi ba zai taɓa samu ba. Claggart ya kai ƙarar ƙarya wurin kyaftin Vere cewa Billy yana kitsa bore. Vere bai yarda ba, ya haɗa su a ɗakinsa. Billy ya buɗe baki magana ta ƙi fita, kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bi a hankali, wannan lallashin ya ƙara sarƙe shi, sai hannunsa ya fita, naushi ɗaya a goshi, Claggart ya faɗi matacce.

Babi na 21 shi ne littafin. Vere ya kafa kotun soja ta gaggawa da jami'ai uku, shi ne shaida ɗaya tilo, sannan ya miƙe ya yi musu jawabi kamar mai gabatar da ƙara. Ya ce shi ma ya yarda yaron bai yi nufin kisa ba, amma maɓallan da ke jikin kakinsu shaida ne cewa sarki suka yi wa mubaya'a, dokar yaƙi kuma aiki take dubawa ba niyya ba. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko za a same shi da laifi a sassauta hukuncin, Vere ya ce matuƙan za su ɗauka tsoro aka ji. Da asuba aka rataye Billy, kalmarsa ta ƙarshe addu'a ce ga kyaftin ɗin. Daga baya wata jaridar sojan ruwa ta ba da labari cewa wani ɗan bore ya soke jami'i mai biyayya da wuƙa.

Duk wanda ya taɓa zama a darasin fiƙihu ko na dokar laifuka ya san nauyin niyya a shari'ar kisa, shi ya sa littafin yake kama ɗaliban shari'a da manya fiye da matasa. Kuma ba a rufe ƙofar gardama ba. Likitan jirgin, a babi na 20, yana ganin kamata ya yi a tsare Billy a miƙa maganar ga babban kwamandan rundunar, har yana tantamar ko kyaftin ɗin yana cikin hayyacinsa. Masanin shari'a Richard Weisberg ya kafa hujja cewa Vere ya saɓa wa ƙa'idojin da yake iƙirarin bi. Saboda haka aji yakan rabu biyu da kansa: masu ganin Vere mutumin kirki ne da aiki ya ɗaure, da masu ganin ya yanke hukunci tun kafin kotu ta zauna ya nemo doka ya lulluɓe.

Abin lura wajen saye: a duba sunan jirgin yaƙin. In Indomitable ne, tsohon rubutun da ya samo asali daga bugun 1924 ne. In Bellipotent ne, rubutun Harrison Hayford da Merton Sealts ne na 1962, mai babi 30, wanda masana suka fi dogara da shi, kuma lambobin babin da ke sama nasa ne. In rabin aji na riƙe da wannan rabi da wancan, lambobi ba za su zo ɗaya ba. Jimlolin Melville dogaye ne, cike da ishara ga Baibul da tarihin Girka da Rum, kuma yakan bar labari ya shiga zancen Admiral Nelson. Bugu mai bayanin ƙasan shafi ya zama dole. A karon farko ana iya wuce babi na 4 da sauri a dawo masa daga baya.

To, wanne?

Ga ɗalibin sakandare ko na shekarar farko a jami'a, Mockingbird, ba tare da dogon tunani ba. Turancinsa ya fi sauƙi, labarin yana jan mai karatu, kuma WAEC ta sa shi a jerin littattafanta na 2026 zuwa 2030. Babi huɗu ko biyar a mako, mako bakwai ya isa, a ware wa shari'ar mako guda ita kaɗai. Har yanzu yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, sai an saya, kuma a duba bugun arha na bakin titi da kyau, shafukan babi na 17 zuwa na 21 su cika.

Ga ƙungiyar manya da ke haɗuwa sau ɗaya a mako, musamman in akwai lauyoyi ko malamai ko tsofaffin jami'an tsaro a ciki, Billy Budd ya fi riba. Zama huɗu ya wadatar: babi na 1 zuwa 9, na 10 zuwa 17, na 18 zuwa 21, sai ragowar. Mockingbird ba ya haifar da gardama a irin wannan zama, kowa ya san Tom bai yi ba, kowa zai gyaɗa kai a tashi. In kuwa ƙungiyar na son gajeren littafi amma Turancin Melville ya fi ƙarfinta, Of Mice and Men na John Steinbeck, na 1937, tsawonsu kusan ɗaya, harshensa mai sauƙi, shi ma labarin mai ƙarfi ne marar wayo da ya yi kisa ba da nufi ba.

Huckleberry Finn shi ne mafi girman ukun a wurina, shi ne kuma wanda bai kamata a fara da shi ba. Yana bukatar mako takwas, da malamin da ya iya karanta shi da murya, da masu karatu da suka riga suka saba da mai ba da labarin da ba a ɗaukar maganarsa yadda ya faɗe ta. Sauƙinsa ɗaya, kyauta ne a shafin intanet na Project Gutenberg.

Akwai giɓin da dukkansu uku suka bari: wanda aka zalunta ba shi ke ba da labari ba. Wanda wannan ya dama sai ya haɗa da Native Son na Richard Wright, na 1940, inda baƙar fatan da ke gaban kotu ya aikata kisan da gaske kuma muna cikin kansa tun daga shafin farko, ko James na Percival Everett, na 2024, wanda ya sake ba da labarin Huck ta bakin Jim.

Mai kundin digiri kada ya ɗauki ukun gaba ɗaya, faɗin zai cinye zurfin. Haɗa Mockingbird da Huck shi ne abin da kowa yake yi, yaro da wariyar launi, an tattake hanyar. Haɗin da ya fi ba da sabon abin faɗa shi ne Huck da Billy Budd, kuma akwai zaren tarihi da ya ɗaure su. Surukin Melville, Lemuel Shaw, shi ne babban alƙalin jihar Massachusetts, mutum ne da ba ya son bauta, amma a 1851 ya ƙi sakin Thomas Sims, bawan da ya gudo Boston, aka mayar da shi Georgia bisa dokar kamo gudaddun bayi ta 1850. Masanin shari'a Robert Cover ya kwatanta Shaw da Vere a littafinsa Justice Accused na 1975. Ɗan'uwan Melville kuma, Guert Gansevoort, yana cikin jami'an jirgin Somers na sojan ruwan Amurka, inda aka rataye mutum uku a 1842 bisa zargin shirya bore ba tare da cikakkiyar shari'a ba, ɗayansu ɗan ministan yaƙi na lokacin. Melville ya ambaci wannan lamari da sunansa a babi na 21. Babin nazari na kundin zai iya tsayawa kan sassa biyu kacal, wasiƙar da Huck ya yayyaga a babi na 31 da jawabin Vere a babi na 21, a sa shari'ar Sims a babin shimfiɗa.